Wa ke tafiyar da birnin Kano? Tambayoyi da amsoshi kan ƙananan hukumominmu

Da yawa daga cikin mutanen birni ba sa taka sakatariyar ƙaramar hukumarsu sai ranar da yaro zai nemi gurbin karatu ko aikin ɗamara, aka ce sai ya kawo takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Alhali ita ce gwamnatin da ta fi kusa da ƙofar gida, kuma duk wata ana ware mata kuɗi da sunanmu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta, da amsoshinsu.

Shin birnin Kano yana da shugaba guda ɗaya, kamar yadda Landan take da shi?

A'a. Babu wani zaɓaɓɓen mutum da aikinsa shi ne birnin Kano kaɗai. An yanka birnin da kewayensa gida takwas: Ƙaramar Hukumar Birni, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Kowacce da ciyaman ɗinta, da kansilolinta, da kasafin kuɗinta, kuma babu wadda take saman 'yar'uwarta. Su takwas ɗin suna cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, adadin da ya fi na kowace jiha a cikin 774 da Najeriya take da su.

Matsalar ita ce garin bai san da wannan rabo ba. Ruwan da ya sauka a Goron Dutse ba ya tsayawa a iyakar Gwale, kwarin Jakara ya ratsa ƙananan hukumomi fiye da ɗaya, mai adaidaita kuma yana iya keta huɗu kafin azahar. Saboda haka duk aikin da ya shafi birnin baki ɗaya yakan koma hannun gwamnatin jiha. A zahiri, wanda yake riƙe da birnin Kano shi ne gwamna.

Yaya zan san ƙaramar hukumar da nake ciki?

Duba katin zaɓenka, idan a unguwarku ka yi rajista, ko ka tambayi mai unguwa. Akwai wuraren da suke rikita mutane: Sharaɗa ta Birni ce, Ɗorayi ta Gwale, Rijiyar Zaki ta Ungogo, Na'ibawa ta Kumbotso, Sabon Gari ta Fagge, Gwammaja ta Dala, Gyaɗi-Gyaɗi ta Tarauni, Dakata da Gama kuma na Nassarawa. Kowace ƙaramar hukuma an sake raba ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansila ɗaya. Jihar tana da mazaɓu 484.

Tun yaushe aka fara wannan tsari?

Kakanninmu En'e suka sani, wato hukumar mulkin gargajiya ta zamanin Turawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar mulkin gari a hannun Sarki da majalisarsa, aka kafa baitulmali inda ake tara haraji da jangali. En'en Kano tana cikin mafi arziki a ƙasar nan. Tana da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da asibitin birni wanda yau ake kira Murtala, kuma da kuɗinta aka jawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Tana da ƙarfi tana kuma aiki, amma talaka ba shi da ta cewa a cikinta, kuma an sha wuya wajen karɓar haraji. Wannan na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta tashi a kai tun daga 1950.

Bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967, a zamanin Audu Baƙo, aka fara zare wa En'e iko: 'yan doka, kotuna da gidajen yari suka koma hannun gwamnati. A 1976 gwamnatin soja ta kawo tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, da kasonta daga kuɗin tarayya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. An cire Jigawa a 1991, a 1996 kuma, zamanin Abacha, adadin ƙananan hukumomin Kano ya kai 44.

Soke harajin nan adalci ne, babu ja. Sai dai ya zo da wani abu da ba a cika faɗa ba: tun da kuɗin ya daina fita daga aljihun magidanci kai tsaye, ya koma zuwa daga Abuja, sai mutane suka rage tambayar inda yake tafiya.

Su wane ne a cikin ƙaramar hukuma, kuma me kowa yake yi?

Akwai ɓangaren zartarwa: ciyaman, mataimakinsa, sakatare, da kansilolin naɗi masu kula da fannoni irin su ayyuka, lafiya, noma da ilimi. Akwai kuma majalisa, wato zaɓaɓɓun kansiloli, waɗanda suke zaɓar shugabansu daga cikinsu. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗi, su yi ƙananan dokoki, su kuma bi diddigin abin da ciyaman ya kashe. A Kano wa'adinsu shekara uku ne.

Ƙarƙashin 'yan siyasa akwai ma'aikatan dindindin. Manyansu su ne daraktan mulki, wanda kowa yake kira DPM, da ma'aji, sai shugabannin sassa. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: manyan ma'aikatan nan ba ciyaman ne yake ɗaukar su ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce take ɗauka, ta ƙara girma, ta yi canjin wurin aiki. Ma'ajin da yake Tarauni bana yana iya wayar gari a Rogo baɗi. Akwai kuma ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu, da babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi, duka na jiha ne. Majalisar dokokin jiha ce kuma take yin dokar da ta tsara yadda ƙananan hukumomin za su gudana.

Waɗanne ayyuka ne nata a doka?

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jero su. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a da maƙabartu. Titunan cikin unguwa, fitilun titi da magudanan ruwa. Kwashe shara. Sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Lasisin kekuna, kura da baro. Sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da allunan talla. Sannan tana da hannu, tare da jiha, a ilimin firamare da na manya, da lafiya matakin farko, da noma.

Ka sake karanta jerin a hankali. Kusan duk abin da yake damun mai gida a Kurna ko Kawaji daga asuba zuwa dare yana ciki.

To me ya sa REMASAB ce take kwashe shara, KAROTA take kan titi?

Saboda gwamnatocin jiha, ɗaya bayan ɗaya, sun kafa hukumomin da suka karɓe yawancin ayyukan nan a cikin birni. REMASAB tana shara. KNUPDA tana tsara gari da ba da izinin gini. KAROTA tana kula da zirga-zirga. KARMA tana gyaran tituna. Hukumar ruwa tana famfo. SUBEB tana makarantun firamare, ta hannun sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Asibitocin sha-ka-tafi kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha.

Akwai hujja mai ƙarfi a bayan haka. Ba zai yiwu ƙananan hukumomi takwas kowacce ta sayi motocin shara, ta nemi nata jujin, ta yi nata taswirar gari ba. Amma akwai asara. Shugaban hukumar jiha ba zaɓarsa aka yi ba, ba ya zuwa neman ƙuri'a a layinku. Kansila kuwa kun san gidansu, kuna haɗuwa a masallaci. Sai aka wayi gari wanda za ka iya tarewa ba shi da kayan aiki, mai kayan aikin kuma ba ka da hanyar ganinsa. A ganina wannan shi ne babban ciwon tafiyar da birnin nan, ya fi ƙarancin kuɗi.

Daga ina kuɗin ƙaramar hukuma yake zuwa?

Hanya uku ce, amma ta farko ta rinjayi sauran nesa ba kusa ba.

Ta farko ita ce asusun tarayya. Kowane wata kwamitin rabon arziki yana zama ya raba abin da aka tara daga man fetur, kwastan da harajin kamfanoni. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da ake haƙowa, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin kayan masarufi na VAT kuwa, kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne.

Yadda ake raba kason a tsakaninsu shi ne abin da ya kamata ɗan birni ya lura da shi. Kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, ba a duba girma ko ƙanƙanta. Kashi 30 ne kawai yake bin yawan jama'a, sauran kuma faɗin ƙasa, ƙoƙarin tara kuɗin shiga, da ma'aunan ci gaba irin su makarantu da asibitoci. Yawan jama'ar ma da ƙidayar 2006 ake aunawa, lokacin da aka ce jihar tana da mutum kusan miliyan 9.4. Duk wanda ya san yadda Ɗanbare, Rijiyar Zaki da Mariri suke a 2006 ya san gonaki ne suka koma gidaje. Kumbotso da Ungogo suna ɗauke da jama'ar yau da lissafin jiya.

Ta biyu, doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumomi kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida. Ta uku ita ce abin da ƙaramar hukuma ta tara da kanta: kuɗin rumfa, kuɗin shago, tikitin tasha, kuɗin mayanka da makamantansu.

Mene ne asusun haɗaka da ake ta magana a rediyo?

Sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin da ya zo daga tarayya ya fara sauka a ciki. Manufar ita ce jiha ta ƙara nata a kai, sannan a raba. Abin da ya faru a kusan duk jihohin ƙasar nan shi ne asusun ya zama wurin yanka. Kafin kuɗi ya isa sakatariya an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da na horar da ma'aikata, da na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi a wa'adin Kwankwaso na biyu misali ne na irin wannan aiki: wasu an gama, wasu sun yi shekaru a yashe.

Ba duk yankan ne zalunci ba, gaskiya ɗaya ce. A farkon shekarun 1990 an taɓa barin albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba a biya su ba, aka yi ta yajin aiki. Shi ya sa har yau ƙungiyar malamai ta ƙasa take ɗari-ɗari da a mayar da albashinsu can. Amma idan aka cire komai a sama, abin da ya rage wa ciyaman bai wuce na man mota da ɗan hidimar ofis ba, kuma aiki babba sai ya rubuta takarda ya jira amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Mutumin da aka zaɓa ya zama mai neman izini wurin wanda aka naɗa.

Ba Kotun Ƙoli ta soke wannan ba?

A ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, cewa gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantomomi, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ne suke riƙe da ita ba kada a sakar mata kuɗi. Wannan ne ya sa jihohi da dama suka yi gaggawar shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya.

Yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. An shiga jan ƙafa a kan buɗe asusu a Babban Banki da yadda za a biya malamai. Kuma ko da kuɗin ya sauka kai tsaye, ciyaman ɗin da gwamna ne ya ba shi takara, hukumar zaɓen da gwamna ya naɗa ta bayyana shi, ma'ajinsa kuma jiha ce ta turo shi, da wuya ya ce a'a idan aka ce ya mayar da wani abu. Ina goyon bayan hukuncin ɗari bisa ɗari, amma shi kaɗai ba zai yashe kwata ba.

Wa yake shirya zaɓen, kuma me ya sa jam'iyya ɗaya take cinye duka?

Ba INEC ba ce, KANSIEC ce, hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna yake naɗa shugabanninta majalisa ta tabbatar. A 2018 da 2021 APC mai mulki ta lashe kujeru 44 duka. A ranar 26 ga Oktoban 2024 NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 duka, da kansiloli 484. Ba Kano kaɗai ba ce, haka ake yi a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce a sama. 'Yan adawa sau da yawa ba sa ma shiga, masu zaɓe kuma sun san sakamako tun kafin ranar, sai su zauna a gida.

Kuɗin fom ma shinge ne. A 2024 hukumar ta fara sanya naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga kansila, har maganar ta kai kotu. Malamin makaranta ko tela da unguwa ta yarda da shi ba zai iya wannan ba sai da uban gida, kuma wanda ya biya maka fom shi za ka fi saurara. Wannan ne ya sa wasu suke kiran a mayar da zaɓen hannun INEC, abin da sai an gyara tsarin mulki.

Tikitin da ake yanka mana a kasuwa, na wa ne?

Ya danganta da kasuwar. Dokar haraji ta 1998 ta ba ƙaramar hukuma kuɗin kasuwa, amma ta ware kasuwannin da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Shi ya sa Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, duk da suna cikin Fagge, shugabanninsu gwamnatin jiha ce take naɗawa. Ƙaramar hukuma ta fi samun na ƙananan kasuwannin unguwa, masu tebur, masu shayi da tashoshi.

Da hantsi za ka ga yaron haraji da ɗan littafin tikiti a hannu yana bin layi. Ya tsaya gaban mai kayan miya.

"Baba, na yau."

"Ɗana, ko sisi ban yi ciniki ba. Ka dawo bayan azahar."

Idan ya dawo, Baba ta miƙa kuɗi, wani lokaci a yaga mata tikiti, wani lokaci a ce littafin ya ƙare. Wannan na biyun bai kai baitulmali ba. Ka karɓi rasit ko da kuɗin kaɗan ne, ka duba ko akwai sunan hukumar da lamba a jiki. Idan mutum biyu suka zo a kan abu ɗaya, ɗaya na jiha ɗaya na ƙaramar hukuma, shugabannin kasuwarku su kai maganar a rubuce. Dokar harajin nan ta 1998 ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji.

Mai unguwa, dagaci da hakimi ma'aikatan ƙaramar hukuma ne?

Su na masarauta ne: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin Sarki. Tsarin mulki bai ba su ikon zartarwa ba, kuma daga kuɗin ƙananan hukumomi ake ware kason hidimar masarauta. Amma babu abin da yake tafiya a unguwa ba tare da su ba, daga rigakafin shan inna zuwa sasanta rikicin iyakar gida. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ma yawanci daga wurinsu take farawa: mai unguwa ya shaida ya san gidanku, a bi ta hannun dagaci da hakimi, sannan sakatariya ta buga. Ka je da wuri, kada ka bari sai ana gobe rufe fom.

Ciyaman zai iya ba ni fili?

A cikin birni, a'a. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, shi yake sa hannu a takardar mallaka. Ƙaramar hukuma tana iya ba da takardar gargajiya ne kawai a ƙasar da ba a ayyana ta cikin birni ba. Duk wanda zai sayi fili a gefen gari, musamman awon igiya, ya fara bincikawa a ma'aikatar ƙasa da KNUPDA kafin ya biya.

Za a iya ƙara wa birnin sababbin ƙananan hukumomi?

Hanyar tana da tsawo: buƙata daga wakilan yankin, ƙuri'ar raba gardama da rinjayen kashi biyu bisa uku, amincewar majalisar jiha, sannan Majalisar Tarayya ta shigar da sunan a tsarin mulki. Legas ta gwada a 2003 da guda 37, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce ba shi da ikon riƙewa, amma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata. Tun 1996 adadin bai canza ba.

Kwatar layinmu ta toshe, damina ta kusa. Wa za mu nufa?

Ku fara da mai unguwa da kansilan mazaɓarku, amma kada ku tsaya a maganar baki. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar unguwa, mutum goma ko ashirin su sa hannu, ku haɗa da hoton wurin, ku kai ofishin ciyaman da sashen ayyuka. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku riƙe. Idan babbar magudana ce ta bakin titin jiha, ko tulin shara da ya fi ƙarfin baro, ku aika kwafi ga REMASAB da ɗan majalisar jiha na yankinku. Unguwanni da yawa suna yin aikin gayya ranar Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata. Ku nemi motar kwasa tun kafin ranar, domin dagwalon da aka fito da shi aka bari a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Ku kuma nemi sanin kuɗin. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Akanta Janar na tarayya suna fitar da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, ana samu a intanet. Ku je wurin kansila da adadin a hannu, ku tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, nawa ya iso sakatariya daga ciki, kuma me aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana?" Idan an ce an ba da kwangilar aikin, an biya, amma ba a gani a ƙasa ba, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha tana karɓar irin wannan koke, kuma kwafin nan mai hatimi shi za ku fara nunawa.